Ofareta da Kwamfutar da ke Wayar Gari Bebiya

Duk wanda ya san Ofareta ya san shi da sammako. Kafin matarsa ta gama ɗaura ɗankwali ta kama hanyar makarantar da take koyarwa, shi ya riga ya shige ɗan ɗakin da ke kusa da kicin, ya jawo kujera da ƙafa, ya laluba ƙarƙashin tebur ya danna maɓallin kwamfuta. Daga nan sai jira. Fanka za ta fara juyawa, wani abu a ciki ya yi ƙas-ƙas kamar ɓera a kwali, sannan murya ta fito ta iyafis ta ce masa an shirya. Muryar nan ita ce idonsa. Ita ke karanta masa duk harafin da ya buga da duk abin da ya buɗe. In ta yi magana yana da sana'a. In ta yi shiru kuwa, akwatin ƙarfe ne kawai da ke hura masa iska mai ɗumi a ƙafa.

To, shirun ne ya same shi, yana da shekara sittin saura kaɗan.

Sunan Ofareta tun yana saurayi ya bi shi. Ciwon da ya tafi da idanunsa ya same shi ne yana ɗan makaranta, ya bar masa kunne da yatsu masu kaifi. Aikinsa na farko a wani babban asibiti ne, cikin ɗaki marar taga, gaban teburin haɗa layin waya mai ramuka da igiyoyi. Kira ya shigo ya ɗauka, ya cusa igiya a ramin ofishin da ake nema. Daga sallamar mutum ya san wane likita ne, har ya san ko ya karya ko bai karya ba. A wannan layin ya haɗu da Malama, wadda ta zama matarsa. Mahaifiyarta na kwance a ɗakin mata, ita kuma kullum sai ta bugo ta tambayi jiki. Ba a daɗe ba ya fara haɗa ta da ɗakin tun ba ta rufe baki ba, ita kuma ta fara jan gaisuwa fiye da yadda ake bukata.

Sai wayar hannu ta shigo aljihun kowa. Aka kwance teburin, aka tara ma'aikata aka yi masa jawabin godiya, aka ba shi kyautar agogon bango. Har yau in yana ba da labarin sai ya ce bai san wanda ya zaɓo wa makaho agogon bango ba, amma Allah ya saka masa, don ƙararsa na da daɗi.

Shekarun da suka biyo baya ba ya son a tuna masa da su. Zama ne a ƙofar gida da rediyo a cinya, ana wucewa ana gaishe shi. In takarda ta zo masa sai ya riƙe ta har Malama ta dawo. Baƙi su shigo, yana zaune, su dubi matarsa su ce, "Zai sha ruwa kuwa?" kamar ba shi da baki. Abin da ya fitar da shi daga wannan zaman shi ne koyon buga rubutu a kwamfuta mai magana. Yatsun da suka saba da ramukan waya ba su sha wahalar kibod ba. Ya zama mai mayar da murya rubutu: a naɗi maganar mutum a kawo masa, ya saurara ya buga kalma bayan kalma, har da inda mai maganar ya yi inda-inda.

Babbar mai ba shi aiki wata lauya ce da kowa ke kira Barista. Bayanan waɗanda take karewa take naɗa, maganganun da ko 'yan uwan mutum bai kamata su ji ba. Ranar da ta fara zuwa ganin inda zai riƙa aikin, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye shi ina monita, wato allon da ake kallo. Ya ce ya bayar da ita tuntuni, me zai yi da ita, ƙura kawai take tarawa. Barista ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ta lura cewa a ɗakin nan magana na shiga kunnen mutum ɗaya ne ta fita ta yatsunsa, ko matarsa ce ta shigo da shayi ba abin da za ta gani. A nan take ta ce shi take nema. Shi kuma ya yi mata alkawarin haka ɗakin zai ci gaba da zama.

Matsalar ta faro ne daga waya. Barista ta bugo ta ce an shaida mata tsohuwar manhajar da ke tuƙa kwamfutarsa an daina toshe mata ƙofofin ɓarayi, don haka ba za ta ƙara aiko da muryar kowa a sa a cikinta ba sai an sauya. Sabuwar fitowar manhajar kuma ta ce ba ta san zancen tsohon akwatinsa ba. Dole aka nemi Injiniya.

Injiniya ƙanin Malama ne, mutum mai tumbi da yawan dariya, yana da shago a layin masu gyaran waya da kwamfuta. Ofareta ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, yana cewa har yau ba wanda ya taɓa shafa takardar shaidarsa. Tun ranar da aka ɗaura auren yayarsa suke wannan wasan, ba mai raga wa wani. Shi ya kawo shawarar a sa wata manhaja ta kyauta, wadda masu sha'awa a faɗin duniya suka taru suka gina, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Ya ce ba ta raina tsohon ƙarfe, kuma da muryarta take zuwa.

Ya zo ranar Asabar a kan babur, filash ɗin da manhajar ke ciki a aljihu, monitar shagonsa a hammata, don shi mai ido sai ya ga abin da yake yi. Ya jona, ya yi ta danne-danne yana fito, kafin la'asar sabuwar murya ta yi magana. Ofareta ya yamutsa fuska ya ce wannan ai mura take yi. Amma da aka ƙara mata sauri, ya buga layi ɗaya ta karanta masa daidai, sai aka ga yana murmushi shi kaɗai. Injiniya ya zare wayarsa ya naɗe, ya ɗauki monitarsa, ya tsaya a ƙofa yana cewa daga yau a riƙa kiransa Farfesa. Ofareta ya yi ta wasa da sabuwar muryar har magariba, sannan ya kashe.

Da safe ya danna. Fanka ta juya. Ƙas-ƙas ɗin ya yi. Murya ba ta zo ba.

Ya jira. Ya cire iyafis ya hura bakinsa ya mayar. Ya gwada shi a wayarsa, lafiya lau. Ya danna maɓallan da ke tashin murya, ya sake dannawa, ya kashe ya kunna. Ya miƙe ya je kicin ya taɓa buta, ya manta abin da ya kai shi, ya dawo. Da rana Injiniya ya iso yana haki, ya jona kayansa, ya danna maɓallin nan dai da Ofareta ya wuni yana dannawa. Muryar ta fito tas.

"Ga ta nan tana gaishe ka, Yaya," in ji shi. "Ko dai ba ka yi mata sallama ba ne?"

Ya ce ƙila bakin iyafis ne bai zauna ba, ya tattara ya tafi. Kwamfuta ta yi aiki har yamma. Washegari ta wayi gari bebiya.

Daga nan aka shiga abin da Malama ta kira zaryar ƙanina. Zuwa na biyu Injiniya ya ɗora laifin a kan katin sauti. Ya ce kowane ƙarfe a cikin akwatin yana da ɗan tafintansa da ke fassara masa umarnin babbar manhaja, kuma mai yiwuwa tafintan wannan tsohon katin barci yake ɗauka. Ya sauko da sabo daga intanet. Aka yi aiki, aka kwana, shiru. Zuwa na gaba ya kawo wani ɗan abin sauti kamar ɗan yatsa ya soke a baya, ya ce an huta da tsohon katin gaba ɗaya. Aka kwana, shiru. Ya buɗe cikin akwatin ya sauya ɗan batirin nan mai kamar kwabo, ya zare katunan ƙwaƙwalwa ya goge bakinsu ya mayar. Ya share manhajar ya sa wata 'yar uwarta. Kowane zuwa sai muryar ta amsa masa kamar ta ga mai gidanta, kowace safiya kuma ta juya wa Ofareta baya.

Ƙarshe ya ɗaure akwatin a bayan babur ya kai shago. Can ta kwana biyu-uku tana tashi duk lokacin da aka kunna ta. Injiniya ya bugo waya ya kara ta a bakin sifika don Ofareta ya ji da kunnensa, a bayansa ana jin maƙwabtan shago suna dariya suna cewa a gaida Yaya. Ya dawo da ita, ya gwada a gabansa, ya tafi. Safiya ta yi, shiru.

A kwanakin nan Ofareta ya zama wani iri. Ba ya zama wuri ɗaya. Daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ƙofa, da ya ji iskar titi a fuskarsa sai ya juyo da sauri kamar an kore shi, don ƙofar gidan nan ya san ta sarai. Yatsunsa na buga rubutu a kan cinyarsa, a gefen kwano, a jikin bango. Ya kunna rediyo ya kashe. Abinci ya ci loma biyu ya ture. Da rana, bayan Injiniya ya zo ya tashe ta, yakan samu ya yi ɗan aiki, amma gyaran mutane na jiran Injiniya a shago, ba kullum yake iya zuwa ba, ranar da bai zo ba kuwa wunin ya tafi a banza. An gwada barin ta a kunne ta kwana. Wuta ta ɗauke kafin gari ya waye, aka koma gidan jiya.

Abin da ya fi ci masa rai bai fito daga akwatin ba. Wata rana ya ji ƙus-ƙus a kicin, 'yan uwan biyu sun manta irin kunnen da ke gidan. Injiniya na cewa shi fa ya gama binciken ƙarfe, ƙarfe lafiyarsa ƙalau, kuma sabuwar manhaja ba kamar tsohuwa ba ce, mutum in ya manyanta hannu kan zame. Malama ta ce ya yi a hankali. Da yamma ta shigo ɗakin da shayi, abin da ba lokacinsa ba, ta tsaya a bayansa ba ta fita ba. Ya gane kallon yatsunsa take. Ya kashe kwamfutar a hankali, yana faɗin sunan kowane maɓalli da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya.

"Na ci jarrabawar, Malama, ko in maimaita aji?"

Ta ce ita ba haka take nufi ba. Da safe ta makara da gangan don ta ga yadda yake kunnawa. Ya danna, suka jira tare. Ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce ita dai koren haske take gani, ba wani abu. Ya ce to yau kam sun zama ɗaya.

Barista ta bugo a farkon mako. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba. Ta ce akwai shari'ar da ke tafe, bayanan shaidu na nan jibge, kuma wani ƙaramin lauya a ofishinta na ta matsa mata a yi amfani da manhajar da ke mayar da murya rubutu da kanta. Ita ba ta son muryar mutanenta ta fita intanet, shi ya sa take jan ƙafa, amma ba za ta iya wuce ƙarshen mako tana jira ba. Bayan ita sai babbar 'yarsu ta bugo daga gidan mijinta tana cewa Baba ya huta haka nan mana, ai ya yi ƙoƙari. Sannan Malama ta kawo tata shawarar. A samo monita a ajiye a ɗakin, in ta dawo daga makaranta ta zauna gefensa, duk inda murya ta ƙi sai ita ta karanta masa.

Ofareta ya ce mata ranar da allo ya shigo ɗakin nan, ranar aikin Barista ya fita. In kuma sai ta dawo ta karanta masa zai iya motsi, to gara a fitar masa da kujerarsa ƙofar gida tun yanzu.

Washegari Injiniya ya zo da wata sabuwar dabara, wani layin umarni da ya gani a zauren intanet na masu amfani da manhajar. Yana bugawa yana tsokana, ya ce ko dai Yaya ya riƙa ajiye masa ɗaki a gidan ne tunda kwamfutar shi take so. Ofareta bai mayar masa ba. Ya miƙe ya bar masa ɗakin, abin da bai taɓa yi ba. Hadari ya haɗo a daidai lokacin, aka fara yayyafi, Injiniya ya yi wa yayarsa sallama a gurguje ya hau babur.

Da safe muryar ta yi magana.

Ofareta ya zauna bai motsa ba, hannunsa a kan kibod, kamar in ya yi numfashi da ƙarfi za ta fasa. Ya kashe ya sake kunnawa. Ta sake magana. Washegari ma haka. Ya bugo wa Barista ya ce a aiko da komai, an gama. Ya bugo wa Injiniya ya ce to, an yarda, Farfesa. Direban ofis ya kawo muryoyin, ya duƙufa, ko abincin rana sai da Malama ta yi da gaske. Ya ci fiye da rabin aikin. Da yammar Alhamis ya fita aski, yana dawowa ya ji an ce Injiniya ya leƙo bai same shi ba.

Safiyar Juma'a, ranar da zai miƙa aikin, ya danna. Fanka ta juya. Shiru.

Wannan karon bai miƙe ya yi zarya ba. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya jawo akwatin tsakanin ƙafafunsa. Duk abin da ya buga yana ciki, shi kuma yana waje. Ya bi bayan akwatin da yatsu, rami bayan rami, yadda yake bin teburin asibiti in layi ya mutu. Ga ta wuta. Ga ta kibod. Ga ɗan abin sauti. Ga wani rami mai faɗi da ba komai a cikinsa, kamar yadda yake tun da can. Yana nan zaune sai ya lura da wani abu game da ɗakin kansa. Kwana biyun nan da aka yi lafiya akwai wata siririyar ƙara da ke fitowa daga kusurwa, can ƙasa bayan tebur, wadda ya ɗauka talabijin ɗin maƙwabta ce. Akwai kuma wata waya da ta riƙa taɓa masa ɗan yatsan ƙafa yana ture ta. Yau ba ƙarar, ba wayar.

Ya kira Malama a makaranta, abin da ta hana shi yi sai da dalili. Ya tambaye ta me ke ɗakinsa jiya wanda ba ya nan yau. Ta ce ba komai. Ana jin hayaniyar yara a bayanta, sai kuma ta ce sai dai monitar ƙaninta. Ranar ruwan nan ya ji tsoron ta jiƙe a babur, ya tura ta bayan tebur a jone yadda take, ya ce kada a faɗa wa Yaya don ransa a ɓace yake. Jiya da ya leƙo ita ya zo ɗauka.

Injiniya ya iso kafin azahar, monita a hammata kamar kullum. Ofareta ya tare shi a bakin ɗaki.

"Ajiye ta nan waje. Shigo hannu rabbana."

"Yaya, in ban jona ba ta yaya zan ga abin da ke faruwa?"

"Yadda nake gani. Zauna. Ga iyafis. Danna."

Injiniya ya zauna, kujerar ta yi ƙara. Ya danna. Fanka ta juya, ƙas-ƙas ɗin ya yi. Ofareta na tsaye a bayansa yana jin numfashinsa. Ya ji ya gyara iyafis. Ya ji ya danna wani maɓalli, ya sake dannawa da ƙarfi, ya ɗan yi tsaki. Duk zaryar da Injiniya ya yi ta makonni, yau ne ya fara jin shirun da kunnensa. Sannan Ofareta ya ce ya ɗauko monitar ya jona, ya kashe ya kunna. Muryar ta fito. Ya ce ya zare ya sake. Shiru. Suka maimaita har sai da ba sauran shakka.

Injiniya ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Ya daɗe yana latsa wayarsa yana karanta abin da wasu suka rubuta a zauren nan. Sannan ya yi bayani, muryarsa ba irin ta kullum ba. Ya ce sauti bai taɓa samun matsala ba. Sabuwar manhajar, a kan irin wannan tsohon katin hoto, in ta tashi sai ta fara neman allo. In ba ta samu ba sai ta tsaya a nan tana jira, ba ta ƙarasa buɗewa ba balle ta tashi murya. In kuwa ta riga ta tashi, ko an zare allon ba ruwanta. Tsohuwar ba ta damu da wannan ba, shi ya sa ba a taɓa sani ba.

"Kullum da maganin nake zuwa a hammata," in ji shi, "in gama in koma da abina." Ya ƙara da cewa, "Na ɗauki alhakinka, Yaya. Na ce hannunka ne."

"Na ji lokacin da ka faɗa. Kicin ɗin ba shi da ƙofa."

Injiniya ya ce to abu ya zo da sauƙi, zai bar masa monitar kyauta, a juya fuskarta bango, ko a lulluɓe ta da zane. Ofareta ya ce a'a. Abin da aka juya ana iya juyo shi, abin da aka lulluɓe ana iya yaye shi, kuma kwana biyun da ta yi a bayan tebur ma sai ya faɗa wa Barista. Injiniya ya ce wannan taurin kai ne, yau fa Juma'a. Ofareta ya ce ya sani. Aka gwada gaya wa manhajar ta daina neman allon, aka rubuta mata umarni iri biyu, tsohon katin ya ƙi ji. Lokaci na tafiya. Ofareta ya koma zaryarsa tsakanin ƙofa da tebur, yana karo da gwiwar Injiniya duk wucewa.

Can Injiniya ya miƙe ya fita, aka ji tashin babur. Sai bayan la'asar ya dawo, ya kama hannun Ofareta ya ɗora masa wani abu kamar tafin hannu, mai ƙananan ƙuraje, da waya a jikinsa. Ya ce cikin wata monita ce da ta faɗo daga kanta gilashinta ya tarwatse. Ya yar da gilashin, ya ciro ɗan katin da ke amsa wa kwamfuta in ta tambaya ko akwai allo. Ba abin da zai nuna wa kowa har abada, amma in aka tambaye shi zai ce yana nan. Ya naɗe shi da salatif ya jona a baya. Suka kunna. Muryar ta fito, da murarta da komai.

"Makauniyar monita," in ji Injiniya, dariyarsa ta fara dawowa. "Kun dace, Yaya. Sai a sa rana."

"Ita ko banza tana amsawa in an kira ta. Kai sai an buga sau uku."

Malama, da ta dawo tana tsaye a ƙofa da jakarta a kafaɗa, ba ta shiga wasan ba. Ta ce wa mijinta kawai ta yi kuskure da ta tsaya masa a ka, ta wuce kicin.

Amma Juma'a ta riga ta ƙare. Da ya samu Barista a waya, ta ce tun da rana da ta ji shiru ta zaunar da ƙaramin lauyan nan ya buga sauran da hannunsa a ofis, a aiko mata da rabin da aka gama kawai. Ya yi mata bayanin komai, har da monitar da ta kwana biyu a bayan tebur bai sani ba, har da ɗan katin da ke naɗe da salatif. Ta saurara ba ta katse shi ba. Ta tambaye shi ko ya tabbata gobe in ya kunna za ta tashi. Ya buɗe baki zai ce ya tabbata, sai ya ce mata yau dai ta tashi duk lokacin da aka kunna ta, gobe kuma bai je ba tukuna. Barista ta ce za ta yi tunani.

Asabar da Lahadi ya yi su yana kashewa yana kunnawa, har Malama ta ce zai ƙarar da maɓallin. Litinin ba a kira ba. Talata ya aske gemun da bai isa aski ba, ya gyara ƙafar kujera, ya ɗauki waya ya ajiye. Sai ranar Laraba da hantsi ya ji tsayuwar mota a waje. Direban ofis ya miƙo masa filash ɗaya, ya ce Barista ta ce gajere ne, ana so kafin a tashi aiki.

Ya rufe ƙofa ya sa iyafis. Muryar wani dattijo ce, mai kaurin maƙogwaro, irin waɗanda ke fara magana daga nesa. Ya yi gyaran murya, ya tambayi Barista ko abin nan ya fara ɗauka, ta ce ya fara. Ya ce to, shi dai katangar nan da ake rigima a kanta, yana nan aka gina ta, kuma ba a inda take yanzu aka fara aza ta ba. Ofareta ya tsayar, ya buga, ya saki. Dattijon ya ce a'a, a dakata, bari ya fara daga mutuwar yayansa, in ba haka ba ba za a gane ba. Ofareta ya buga wannan ma, ya gyara zama.